Fam da Naira: Lissafin Masu Son Barin Minna

Ranar Litinin 5 ga Fabrairu, 2024, mata da matasa suka datse shataletalen Kpakungu, suka hana motocin hanyar Bida motsi. Tsadar abinci ce ta fito da su. Wata takwas kafin ranar aka janye tallafin man fetur, aka kuma saki naira ta nema wa kanta daraja a kasuwa, sai dalar da gwamnati ke sayarwa naira 460 da 'yan kai ta doshi 1,500. Minna gari ne na ma'aikatan gwamnati da 'yan fansho da ɗalibai, ba a san shi da hayaniya ba, amma yana cikin biranen da suka fara fitowa titi a wannan shekarar.

Tun daga lokacin maganar fita waje ta ƙara ƙarfi. Ana yin ta a teburin mai shayi a Bosso, ana yin ta a ɗakunan ɗaliban Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Gidan Kwano, ma'aikatan jinya na yin ta idan sun sami sararin zama. Kusan kullum da lissafi ɗaya ake buɗe ta, kuma lissafin yana da daɗin ji.

Ga yadda yake. A watan Afrilun 2025 mafi ƙarancin ladan babban ma'aikaci a Birtaniya ya koma fam 12.21 a kowace awa. Wanda ya yi cikakken aiki zai tashi da kusan fam 2,000 a wata. A canjin shekarar, da fam ɗaya ke kai naira dubu biyu, kuɗin sun kama naira miliyan huɗu ke nan. Mafi ƙarancin albashin da gwamnatin jihar Neja ta Umaru Bago ta amince da shi a ƙarshen 2024 naira 80,000 ne. Wato mai wanke tsofaffi a Ingila na karɓar ninki hamsin na abin da ƙaramin ma'aikaci ke karɓa a sakatariyar jiha. Duk wanda ya ji wannan ya ce ransa bai biya ba, to, akwai abin da yake ɓoyewa.

Matsalar ita ce a nan yawancin masu hirar ke ajiye biro. Fam dubu biyun nan ba duka ke shiga aljihu ba. Gwamnatin Birtaniya na cire harajin kashi 20 cikin 100 daga abin da ya haura fam 12,570 a shekara, ta kuma cire kuɗin inshorar ƙasa. Ɗaki guda a gidan haɗaka a Landan, inda banɗaki da kicin na kowa da kowa ne, kan ci fam 700 zuwa 1,000. Ga kuɗin jirgin ƙasa ko bas, ga na ɗumama ɗaki wata biyar na sanyi, ga abinci. Mai ƙaramin yaro kuwa sai ya biya gidan raino, domin babu kaka, babu ƙanwar miji, babu maƙwabciyar da za a ce wa ta sa ido. Abin da ke saura a ƙarshen wata ya fi abin da zai saura a Minna, wannan gaskiya ne. Sai dai a kan wannan ragowar idanun dangi suke, su kuma da ninki hamsin ɗin suke yi wa mutum hisabi. Saƙon "Yaya, an koro su Ummi kuɗin makaranta" ba ya tambayar nawa aka biya haya.

Kafin a kai can ma akwai kuɗin hanya. Fasfo mai shafi 32 ya koma naira 100,000 daga watan Satumban 2025, ya fi albashin wata guda na ƙaramin ma'aikaci. Sai jarrabawar Turanci, gwajin tarin fuka, kuɗin biza, tikitin jirgi. Mai bin hanyar karatu zai tarar digiri na biyu na neman fam 15,000 ko fiye, alhali doka ta taƙaita masa aiki zuwa awa 20 a mako lokacin zangon karatu. Daga ina kuɗin ke fitowa? Daga filin da uba ya saya a Maitumbi ko Chanchaga tun garin bai kai can ba, daga garatutin uwa, daga gwal ɗin 'yar uwa. Gida guda kan tattara abin da ya mallaka ya ɗora a kan mutum ɗaya.

Wanda ke samun fam yana kashe naira, faɗuwar naira riba ce gare shi. Wanda ke samun naira yana biyan fam kuwa, faɗuwar nan ce ke karya shi, kuma ɗalibi a wannan layin yake. A watan Mayun 2024 wasu ɗaliban Najeriya a Jami'ar Teesside da ke arewa maso gabashin Ingila suka tsinci kansu an dakatar da su, an kuma ba su umarnin barin ƙasar, saboda nairar da suka tanada don biyan kuɗin makaranta ta zube ƙasa kafin su gama biya. Babu wanda ya yi almubazzaranci a cikin lissafinsa. Canji ne ya juya a tsakiyar karatu.

Abin da ya fi raba masu dacewa da masu asara shi ne irin takardar da mutum ya shiga da ita. Likita ko injiniyan kwamfuta da aka ɗauka saboda ƙwarewarsa yana da bakin magana. In wuri bai yi masa ba, wani zai karɓe shi. Mai bizar kula da tsofaffi a ɗaure yake da kamfanin da ya tsaya masa. Dillalai sun yi ta sayar da takardun tsayawar nan a kan miliyoyin naira, wasu mutanen suka sauka Ingila suka tarar babu aikin, wani lokaci ma babu kamfanin. Tsakanin Yulin 2022 da Disamban 2024 hukumomin Birtaniya sun soke lasisin kamfanonin kula da tsofaffi sama da 470, lamarin da ya shafi ma'aikata kusan 39,000. Wanda aka soke wa bizarsa ta wannan hanya kwana 60 ake ba shi ya sami wani mai tsaya masa ko ya tattara.

Ƙofofin ma rufewa suke yi. Daga Janairun 2024 yawancin ɗaliban digiri na biyu ba su da damar tafiya Birtaniya da iyali. A Maris na shekarar aka hana masu kula da tsofaffi haka, sannan a Yulin 2025 aka daina ɗauko su daga ƙetare baki ɗaya. Kanada ta sa iyaka ga adadin bizar ɗalibai a 2024, ta kuma ninka kuɗin da ake so ɗalibi ya nuna yana da su, daga dalar Kanada 10,000 zuwa 20,635. Labarin da wani ya bayar na yadda ya tafi a 2021 ya riga ya tsufa.

Duk wannan kuwa hanyar 'yan boko ce. Bahaushe ya fi daɗewa da sanin hanyar gabas. Bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a har bakin Shuɗin Kogin Nilu a Sudan, inda garin Mai Wurno yake har yau. Alhazan ƙasa sun shekara suna tafe suna noma don guzuri, da yawa ba su dawo ba. Jikokin wannan hanya su ne matan da ake kira Kano-Jidda, masu shiga Saudiyya da bizar Umara su ɓuya su kama aikatau. Riyal ɗin da suke turowa ya gina gidaje, ya aurar da 'ya'ya, ba a musun wannan. Amma mai zaman ɓoye ba ta da wurin kai ƙara in an hana ta haƙƙinta, asibiti ma da fargaba take zuwa. Ko wadda ta shiga da takarda tana ƙarƙashin kafili, kuma gyaran dokar ƙwadago da Saudiyya ta yi a Maris 2021 bai haɗa da masu aikin gida ba.

Hausawa na cewa baƙo raɓa ne, kuma tarihi bai ƙaryata su ba. A Nuwamban 1969 gwamnatin Busia a Gana ta ba baƙin da ba su da takarda mako biyu su fice. Mutanen zango da aka haifa a Kumasi suka kamo hanyar ƙasar da ba su taɓa gani ba. A 1983 gwamnatin Shagari ta yi irin haka, har jakar da aka kwashi kaya a ciki ta samo sunan Gana-mas-go. Da yaƙi ya ɓarke a Khartoum ranar 15 ga Afrilu, 2023, ɗaliban Najeriya, akasarinsu 'yan Arewa, suka kwana da kwanaki a bakin iyakar Masar kafin jirage su fara sauke su a Abuja a farkon Mayu. Wasu saura shekara guda su gama karatun likita.

Minna na da mutane biyu da labarinsu ya isa a tsaya a kai. A 1959 aka haifi Ben Okri a garin, mahaifinsa na aiki da hukumar jiragen ƙasa. An kai shi Landan yana jariri, ya dawo Najeriya yana yaro, ya sake komawa Ingila a 1978. Da tallafin karatun da gwamnati ke ba shi ya yanke, sai da ya kwana a lambunan shaƙatawa da ɗakunan abokai. A 1991, yana da shekara 32, ya ci kyautar Booker, ɗaya daga cikin manyan kyaututtukan adabin Turanci. Da wuya a ce da ya zauna gida da littattafansa sun kai inda suka kai, domin maɗaba'u da masu karatu da kyaututtukan suna can.

Ita kuwa Hajiya Aisha Lemu ta can ta taho nan. Baturiya ce haifaffiyar Poole a 1940, ta musulunta a Landan a 1961, ta zo Kano koyarwa a 1966, ta auri Sheikh Ahmed Lemu a 1968. Bayan ƙirƙiro jihar Neja a 1976 suka tare a Minna. A garin aka kafa FOMWAN, tarayyar ƙungiyoyin mata Musulmi ta Najeriya, a 1985, ita ce Amira ta farko, littattafanta na darasin addini kuma sun ratsa makarantun sakandare na ƙasar. A Minna ta rasu a Janairun 2019. Wurin da matasa ke ganin babu komai, ita aiki ta gani jibge yana jiran mai yi. Kowanne a cikinsu ya tafi da wani abu a hannunsa da ake bukata a inda ya sauka, kuma wannan ce tambayar da dillalin biza ba ya yi wa kowa.

Kada kuma a yi wa zaman gida kwalliyar da ba tasa ba. Mutumin Shiroro ko Munya ko Rafi da 'yan bindiga suka raba da gonarsa ba ya bukatar a karanta masa falalar gida. A Fabrairun 2021 aka kwashe ɗalibai a Kwalejin Kimiyya ta Kagara, a ƙarshen Mayu aka kwashe yaran Islamiyya sama da ɗari a Tegina, suka kusa wata uku a daji. Jihar da ke da madatsun Kainji da Shiroro da Zungeru, ga na Jebba a bakin iyakarta, babban birninta na kwana cikin duhu, unguwanni da dama kuma da 'yan garuwa suka dogara. Matashin da ya koyi rubuta manhaja a Gidan Kwano zai iya yi wa kamfanin Turai aiki daga ɗakinsa a Tunga, ya karɓi dala ya kashe naira, kuma babu lissafin da ya fi wannan kyau a duk cikin zancen. Amma sai ya fara sayen sola da batir tukuna.

Abin da gida ke bayarwa ba ya shiga takardar albashi. Doyar Gwada da Paiko na zuwa da araha in kaka ta yi. Ranar suna gida cike yake ba tare da an aika kati ba. In mutum ya cika da safe, kafin la'asar maƙwabta sun haƙa kabari an yi masa sutura. A Ingila sai an jira takardu, a kuma sayi kabarin da dubban fam. Wannan zumuncin dai shi ne ke cinye albashi kafin ashirin ga wata, saboda haka ba kyauta ba ne, biyansa ake yi kaɗan-kaɗan.

Akwai kuma wanda ba a sa shi a lissafin ko kaɗan: wanda aka bari. Bankin Duniya na ƙiyasta cewa 'yan Najeriya mazauna waje na turo kusan dala biliyan 20 a shekara. Kuɗin nan gida-gida suke shiga, su biya haya, su sayi magani, su ɗora bulo. Ba sa mayar da likitan da ya tafi. Ministan lafiya Muhammad Ali Pate ya ce likitoci kimanin 16,000 ne suka bar ƙasar cikin shekara biyar zuwa bakwai, kuma a 2024 ya ƙiyasta waɗanda suka rage da 55,000, ga jama'a fiye da miliyan 200. Da yawa daga cikin waɗanda suka ragen ma suna Legas da Abuja. Asibitin Minna na takara da Riyad da Manchester, yana kuma takara da Abuja da ke nesan kilomita 150 kawai. Asibitin Kagara ko Kuta kuwa da Minnar kanta yake takara.

A 2023 wani ɗan Majalisar Wakilai daga Legas, Ganiyu Johnson, ya kawo ƙudurin hana likita cikakken lasisi sai ya yi wa ƙasa aiki shekara biyar. Ƙungiyoyin likitoci suka yi masa ca, kuma suna da hujja: babu adalci a ɗaure ƙafar yaron da iyayensa suka sha wahalar karatunsa alhali 'ya'yan masu yin dokar a waje ake duba lafiyarsu. A Agustan 2024 gwamnatin tarayya ta sauya salo, ta amince da wani tsari kan ƙaurar ma'aikatan lafiya wanda ya yi alkawarin inganta yanayin aiki, da ba masu aiki a karkara ƙarin tagomashi, da sauƙaƙa wa waɗanda ke waje hanyar dawowa. Sai dai manyan asibitocin jiha da na ƙananan hukumomi ba a hannun Abuja suke ba. Albashin likitan da ke Babban Asibitin Minna, da alawus ɗin kwanan aikinsa, da gidan da za a ba wanda aka tura Mariga, duk daga kasafin kuɗin jihar Neja za su fito.