Bashi Mai Tsadar Ruwa: Sauya Shi, Duba Inshorarsa

A Ayigya Zango da ke Kumasi, 'yan kasuwa da masu albashi kan ci bashi idan kuɗin makaranta ko na asibiti ya taso. Ruwan da ake ɗorawa shi ke karya mutum. Kashi 5 cikin 100 a wata kamar ba komai ba ne, amma a shekara ya zama kashi 60.

Sauya bashi shi ne ka karɓi sabon rance mai sauƙin ruwa ka biya tsohon gaba ɗaya. A Yulin 2023 Babban Bankin Ghana ya kai ma'aunin ruwansa kashi 30. Idan ruwa ya sauka, wanda ya ci bashi a lokacin ya kamata ya sake lissafi. Sai dai ka haɗa tarar biya da wuri da kuɗin buɗe sabon rancen, domin wani lokaci su ke cinye ribar sauyin. Wanda ya samu rancen ɗan'uwa ko adashi, ya huta da biyan ruwa baki ɗaya.

Sai inshorar da ake liƙa wa bashi, wadda ke biya idan mai bashi ya rasu ko ya nakasa. Tana da amfani ga iyali, amma da yawa ba su san ana cire musu kuɗinta ba. A Ingila, bankuna sun mayar wa mutane biliyoyin fam kan irinta.

Dokar masu rance ta Ghana ta 2020 ta wajabta a bayyana maka dukkan kuɗaɗen kafin ka sa hannu. Ɗan'uwa, nemi takardar rancen, ka tambaya ko inshorar dole ce. In ba dole ba ce kuma ba ka buƙatarta, rubuta takardar sokewa.