Cosimo de' Medici: Matashin da dattawan Florence suka ɗora kan mulki don su juya shi

A watan Janairun 1537 aka kashe Alessandro de' Medici, sarkin birnin Florence da ke ƙasar Italiya ta yau. Ɗan'uwansa Lorenzino ne ya yi kisan, ya tsere. Cikin 'yan kwanaki majalisar dattawan birnin mai mutum 48 ta zaɓi magaji: Cosimo, ɗan shekara 17, daga wani reshe na gidan Medici da ba a faye lissafawa ba.

Ƙuruciyar tasa ce ta ja hankalinsu. Manya irin su Francesco Guicciardini, masanin tarihi kuma gogaggen ɗan siyasa, sun ɗauka yaron zai riƙe suna, su kuma su riƙe akala. Ko sarautar ba su ba shi kai tsaye ba, shugaban birni kawai suka kira shi, suka kuma gindaya masa sharuɗɗa.

Lissafin bai kai shekara ba. A watan Agusta dakarunsa suka murƙushe 'yan gudun hijira masu neman dawo da jamhuriya a Montemurlo. An fille kan wasu jagororinsu, attajiri Filippo Strozzi kuma ya mutu a kurkuku. Sarkin Daular Rum Mai Tsarki, Charles na Biyar, ya amince da shi a matsayin sarki, daga nan Cosimo ya daina buƙatar iyayen gidansa. Guicciardini ya koma gefe yana rubuta tarihin Italiya har ya rasu a 1540.

Abin lura shi ne yadda ya gudanar da mulkin. Bai rushe tsoffin majalisu ba, ya bar su da sunansu, ya mayar da ainihin iko hannun sakatarorin da shi kaɗai suke yi wa biyayya. Ginin Uffizi, wanda masu yawon buɗe ido ke tururuwa a yau don kallon zane-zane, ofisoshin gwamnati ne da ya sa aka fara ginawa a 1560 domin hukumomi su taru kusa da idonsa. Lorenzino ma bai tsira ba, an bi shi har Venice an kashe shi a 1548.

Ya ci Siena da yaƙi a 1555, Fafaroma Pius na Biyar kuma ya naɗa shi babban sarkin yankin Tuscany a 1569. Ya rasu a 1574. Jamhuriyar Florence ba ta sake dawowa ba, zuriyarsa ta riƙe sarautar har 1737.