Kafin Ki Zura Zare, Leƙa Ramin Dutsen

Sana'ar shirya duwatsun ado ta samu karɓuwa a gidajenmu, kuma abin a yi murna ne. Kusan duk cibiyar koyar da sana'o'in mata da mutum ya leƙa, bayan ɗinki da haɗa sabulu, zai tarar da 'yan mata sun duƙufa a kan faranti cike da duwatsu, wannan tana zura sarƙa, waccan abin hannu, wata jigida. Jarin ba shi da yawa, ba ruwanta da wutar lantarki, matar da ba ta fita ma tana iya yi a tsakar ɗakinta ta aika a sayar. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ana koya wa yaran nan zurawa da ƙullawa, amma ba a koya musu sanin dutsen kansa. Sai mace ta shiga kasuwa da ƙyallen atamfa a hannu, ta kara shi jikin duwatsun da ke rataye, launi ya hau, ciniki ya faɗa. In ta yi ƙoƙari ta jefa tambaya ɗaya: "Malam, ba ya zuba dai ko?" Shi kuma ya ce, "Haba Hajiya, wannan ɗan waje ne, har jikokinki sa gada." Ɗan wace wajen? Ai kusan duk abin da ke rumfar daga waje ya zo, mai kyau da marar kyau.

Da a ce ɓarnar ta tsaya ga leshin amarya da jan fenti ya ɓata, ko wuyan ƙawayenta da ya yi shuɗi bayan an sha rawa an yi gumi, da ban ɗauki alƙalami ba. Wannan asarar kuɗi ce da jin kunya, kuma araha dama ba ta ado. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne yadda waɗannan duwatsu suka koma jikin jarirai.

Kwanan baya a wani gidan biki na ga jaririyar da ba ta fara rarrafe ba, tana cinyar uwarta, an ɗaura mata abin hannu na duwatsu ruwan hoda da ruwan gwal, ga wata 'yar ƙaramar zuciya ta ƙarfe tana lilo a tsakiya. Hannun yana bakinta tun da na zauna. Da uwar ta zare hannun don ta ba ta nono, sai na ga duwatsun ɓangaren da take tsotsa sun koma farare fat, ga ƙyalli-ƙyallin gwal a leɓenta da haɓarta. Na karɓi hannun na sa farce na kankari ɗaya daga cikin waɗanda suka rage da launi, sai fentin ya ɗago kamar ɓawon albasa, farar roba ta bayyana a ƙasa. Zaren kuwa irin mai talewar nan ne, har ya fara tsattsagewa a bakin ƙullin. Na ce wa uwar, "Baiwar Allah, ina fentin wannan gefen ya tafi?" Ta yi dariya ta ce, "Ai haka take yi, haƙori take son fitarwa." Wadda ta shirya abin hannun ma tana wurin, 'yar uwarta ce, har tana faɗa wa mata cewa ta yi wa jarirai da yawa irinsa. Wata dattijuwa da ke gefe ta tsoma baki ta ce, "Ke 'yar nan, mu ma da duwatsu aka raine mu, me ya same mu?"

Gaskiyar Iya ce, da duwatsu aka raine su. Sai dai ba irin waɗannan ba. Abin da iyayenmu suka sani shi ne tsakiya da murjani da duwatsun kwalba, da jigidar da ake fafewa daga ɓawon ƙwarar kwakwa. Jan dutsen nan na lantana da ake sassaƙawa a Ilori a da, fataken Hausawa ne ke kai ɗanyensa daga arewa. A Bida, mutanen unguwar Masaga sun daɗe suna narka gilashi suna fitar da duwatsu da awarwaro, kuma har yau ana yi, da fasassun kwalabe. A Gana, 'yan ƙabilar Krobo suna dake kwalba ta zama gari, su zuba a mazubin yumɓu, su soka tsinken rogo a tsakiya domin in ya ƙone a wuta ya bar rami, kuma duk ranar Alhamis ana cin kasuwar duwatsu a Koforidua. Abin da ya haɗa waɗannan duka shi ne launinsu a cikin jikinsu yake. Ko ki fasa dutsen gida biyu, abin da kika gani a waje shi za ki gani a ciki. Ban da haka, da zaren auduga mai ƙwari ake ɗaurawa, a ƙugu, ƙarƙashin riga, inda bakin yaro ba ya kaiwa.

Na yanzu da suka cika kasuwa, mafi yawansu farar roba ce ko farin gilashi aka tsoma a fenti aka shafa wa ƙyalli. Babu takarda a jiki, babu sunan kamfani, a buhu ake kawo su a auna a ƙulla a leda. Mai rumfar kansa bai san abin da ke cikin fentin ba, balle ke. Ba kowane fenti ne ke ɗauke da guba ba, amma an daɗe da sanin cewa ana zuba dalma a fenti mai araha don launi ya fito ya kuma yi saurin bushewa, musamman rawaya da ja, kuma ido ba ya bambancewa. Mu kuwa ba mu ne za a yi wa dogon bayani a kan dalma ba. A 2010 gubar dalma ta kashe yara kusan 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara. Can daga niƙan dutsen zinare a cikin gidaje ta fito, ba daga kayan ado ba, amma gubar ɗaya ce, kuma ƙwaƙwalwar yaro take fara taɓawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani ma'aunin dalma a jinin yaro da za a ce ba ya cutarwa, komai ƙanƙantarsa. Yaron ba lallai ya kwanta ciwo a gani ba. Sai an kai shi makaranta a ce ba ya gane karatu, a hau shi da duka.

'Yar zuciyar ƙarfen nan da ke lilo ma ta fi fentin ba ni tsoro. A 2006, a birnin Minneapolis na Amurka, wani yaro ɗan shekara huɗu ya haɗiyi irin wannan 'yar zuciya da aka bayar kyauta tare da takalmi, ya rasu cikin 'yan kwanaki. Da aka auna ta sai aka tarar kusan dalma ce zalla. Da hukumomi suka matsa a kan dalma, wasu masu ƙera kayan araha suka koma zuba wani ƙarfe mai guba da ake kira kadmiyam, wanda ke lalata ƙoda, har aka yi ta janye kayan adon yara daga shagunan Amurka a 2010. A can ke nan, inda ake da doka da masu aunawa. Kayan da aka hana shiga can, ina kike tsammani za a kai su?

Ko da dutsen ba shi da guba ko kaɗan, girmansa kaɗai ya isa. Zare mai talewa yana ruɓewa da miyau da man shafawa da zafi, ran da ya tsinke kuma duwatsun a shimfiɗar yaro za su watse. Ɗaya ya shiga hanci, ɗaya kunne, wanda aka fi gudu ya maƙale a maƙogwaro. Ma'aunin da ake amfani da shi a Turai da Amurka shi ne duk abin da zai shige bututun da faɗinsa ya ɗan haura santimita 3, ba a ba yaron da bai kai shekara uku ba. Nuna mini dutsen ado ɗaya a farantinki da ya kai wannan girman. Na wuya kuma ga shaƙewa: a watan Disamba na 2018 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kan sarƙoƙin da ake sa wa yara wai don sauƙin fitar haƙori, bayan wani ɗan wata 18 ya rasu, sarƙar ta shaƙe shi yana barci. Don haka in wata ta zo ta ce ki shirya wa jaririyarta abin wuya ko abin hannu, ki ce a'a, ko da 'yar ɗakinku ce. In dole sai an yi jigida, a yi ta da dutsen da ba fenti, a zare mai ƙwari, ba ƙarfe ko ɗaya, a riƙa dubawa duk wanka, a kwance da zarar ta fara matsewa.

To yaya ake gane dutsen kirki? Ba sai da na'ura ba. Fara da ramin. Ɗaga dutsen a haske ki leƙa: in cikin ramin fari ne alhali jikin ja ne ko shuɗi, ko kika ga fenti ya taru ya yi tudu a bakin ramin, launin shafe ne. Sannan ki tafi kasuwa da farin ƙyalle da 'yar kwalbar turaren feshi a jaka. Fesa wa ƙyallen ki murza dutse ɗaya da ƙarfi. Abin da ya fito a ƙyallen shi ne zai fito a wuyan mai saye, domin mu mata ne masu humra da turare, kuma yawancin watannin shekara gumi muke yi. Mai rumfar da ya hana ki gwada ɗaya ya riga ya ba ki amsa.

Roba ba ta da nauyi, ba ta da sanyi in kin ɗora a kunci, kuma sau da yawa za ki ga siririn layi ya zagaye ta, wurin da mazubi ya haɗe. Gilashi da dutsen ƙasa suna da sanyi da nauyi, in kika karkaɗa su a tafin hannu za ki ji ƙara mai kaifi. Ba cewa nake roba haramun ce ba. Akwai wadda aka zuba wa launi tun a narke, kuma ita ta fi dacewa da jaka da manyan 'yan kunne da ba a son su ja kunne. Haka kuma kada jin sanyi ya ruɗe ki, don akwai gilashin da shafe ne shi ma. Abin da ake sayar mana da sunan lu'ulu'u galibi farin gilashi ne ko roba aka lulluɓe. Na gaskiya in kika goga shi a haƙori a hankali za ki ji ɗan kaushi, na jabu kuwa santsi ne sumul. Murjani na asali daga teku yake, mafi shahara daga Bahar Rum, kuma tsadarsa ba ta barin a same shi a tule a faranti. Duk wanda ya ce miki ga murjani a kuɗin gyaɗa, gilashi ne ko rinanne. Auduga da ruwan goge jan farce za su tona asirin rinannen.

Ƙananan duwatsun nan masu kama da gero da ake saƙa da su, na Japan irin su Miyuki da Toho da na ƙasar Cek sun fi daidaituwa, ramukansu kuma sun fi santsi. Na araha za ki tarar wani ƙato wani siriri, bakin ramin da kaifi, yana cin zare a hankali har ya yanke. Lambarsu a juye take: 11/0 ya fi 8/0 ƙanƙanta. Manya kuwa da milimita ake kiransu, 4, 6, 8, 10, kuma duk yadda dutse ya ƙara nauyi, zarensa ma sai ya ƙara ƙwari. Ba a zura tsakiya a zaren da aka yi domin roba.

Maƙulli da ƙugiyar 'yan kunne su ma a duba. Matan da kunnensu ke ruwa ko wuyansu ke fitar da ƙuraje masu ƙaiƙayi in sun sa sarƙa, galibi ƙarfen nikel ne jikinsu ba ya so, kuma in jiki ya fara ƙinsa, ya ƙi ke nan har abada. Azurfa ko ƙarfen da ba ya tsatsa sun fi sauƙi ga fata. Maƙulli mai maganaɗisu kuwa kada ya kusanci gidan da ke da ƙananan yara, domin in yaro ya haɗiyi biyu suna iya manne wa juna ta cikin hanji su huda shi.

Akwai kuma masu cewa sun koma kayan gargajiya, suna huda 'ya'yan itatuwa suna zurawa. Madalla, amma ban da idon zakara. Jan ƙwayar nan mai baƙin ɗigo da muke wasa da ita muna yara tana ɗauke da guba mai kisa, ɓawonta mai tauri ne kawai ke tsare ta, ke kuma da kika sa allura kika huda kin buɗe ƙofar.

In tsautsayi ya riga ya faɗa, dutse ya shiga hancin yaro ko kunnensa, don Allah a daina sa tsinken tsintsiya ko ashana ana zaƙulowa, ƙara tura shi ciki ake yi. A kai shi asibiti. In a maƙogwaro ne, jaririn ya kasa kuka ya kasa numfashi, kifa shi a kan hannunki, kansa ya yi ƙasa da ƙirjinsa, ki buga tsakanin kafaɗunsa da tafin hannu sau biyar, in bai fito ba ki juyo shi ki danna tsakiyar ƙirjinsa da yatsu biyu sau biyar, ki ci gaba da maimaitawa ana neman abin hawa. In kuwa ƙarfe ya haɗiya, ko da ya ci gaba da wasansa, a tafi da shi asibiti a ranar, a kuma tafi da ragowar sarƙar a nuna wa likita.