Kwana Uku a Antwerp da Ɗan Guzuri



Yau hirar tamu ta yi nisan zango. Wata 'yar uwa ce ta aiko mana da wasiƙa, ta ce maigidanta yana fataucin motoci daga Beljiyam, bana kuma ya yi alkawarin tafiya da ita su yi kwana uku a birnin Antwerp. Sai dai tun daga gida ya ja mata kunne cewa kuɗin kasuwa daban, na yawo daban, kuma na yawon ba yawa. Shi ne take tambaya: me za ta gani, me za ta ci, ba tare da ta sa shi ya taɓa jari ba?

To, sunan Beljiyam dai ba baƙo ba ne a kunnenki. In aka ce firji ko mota "Beljiyam ce", kin san ta hannu ce daga Turai. Da yawan motocin nan daga tashar jiragen ruwan Antwerp ake lodinsu zuwa Kwatano da Legas, kuma a duk Turai tashar Rotterdam ce kaɗai ta fi ta girma. Garin yana arewacin ƙasar, yankin da ake kira Flanders, yarensu irin na mutanen Holan ne. Daga Brussels a jirgin ƙasa bai kai awa ɗaya ba.

Kafin ki haɗa akwati, ki riƙe wannan. Tun shekarar 2011 dokar Beljiyam ta hana rufe fuska a bainar jama'a, ana cin tara a kai. Hijabinki da doguwar rigarki ba mai hana ki, za ki ga masu irinsu da yawa a titi, amma niƙabi babu hali. Ku tattauna wannan da maigida tun a gida, kada sai an sauka a shiga jayayya.

Abin da zai faranta miki rai shi ne, mafi kyawun abin kallo a garin nan kyauta ne. Tashar jirgin ƙasar da za ki sauka ita kanta abin kallo ce; an buɗe ta a 1905, in kika ɗaga kai sai ki ɗauka fadar wani sarki kika shiga. Daga nan ku taka a ƙasa ta titin Meir, wajen rabin awa, har bakin kogin Schelde. Kantuna ne dama da hagu. Ki ba ido abinci, jaka kuma ta zauna a rufe.

A tsakiyar tsohon gari akwai dandalin Grote Markt, inda za ki ga gunkin wani saurayi mai suna Brabo yana shirin jefa yankakken hannu. Tatsuniyarsu ce: wai wani ƙato ne ya tare kogin, duk matuƙin jirgin da bai biya kuɗin fito ba sai ya sare masa hannu, har Brabo ya zo ya sare nasa ya wurga a ruwa. Gunkin fa ba sutura a jikinsa, kada ki ce ban gaya miki ba.

Wurare biyu ne ba na so su wuce ki. Na farko gidan tarihi na MAS, wanda aka buɗe a 2011, tsayinsa kusan mita 60. Shiga ɗakunan kallo da kuɗi ne, amma hawa har kan rufin kyauta ne, daga can kuma ga gari ga tashar jiragen ruwa a gabanki. Kada dai ku je ran Litinin, yawanci a rufe yake. Na biyu hanyar ƙafa ta Sint-Anna, wadda aka haƙa ta ƙarƙashin kogi a 1933, tsawonta mita 572. Da tsohon matattakalin katako mai tafiya da kansa ake sauka, ki ratsa, ki ɓullo a ɗaya gaɓar ki hango garin gaba ɗaya. Ko sisi.

Yanzu mu zo wajen da kuɗin ke zurarewa, wato ciki. Duk gidan abincin da ke kallon dandali, kujerar kike biya, ba girkin ba. Ruwan sha ma ba a ajiye miki shi kyauta kamar yadda muka saba. Na kwalba za a kawo, a sa a lissafi. Alhali ruwan famfonsu mai tsabta ne, ki cika gorarki tun daga masauki. Karin kumallo kuwa, ki shiga Aldi ko Lidl ki sayi burodi da madara da ayaba, ki haɗa da ganyen shayi da yajin da kika zo da su. Ki yi sayayyar ran Asabar, don ran Lahadi kantuna da yawa ba sa buɗewa.

In kuna son cin mai nauyi, ku nufi unguwar Borgerhout, bayan tashar jirgin ƙasa, titin Turnhoutsebaan. Tun 1964 Beljiyam ta ƙulla yarjejeniyar ɗauko ma'aikata daga Maroko da Turkiyya, jikokinsu ne suka cika unguwar. Nan za ki samu mahauta na halal, da gasasshiyar kaza, da gurasa mai zafi, a farashin da bai kama ƙafar na tsakiyar gari ba. Ran Asabar kuma kasuwa na ci a dandalin Theaterplein, inda ake sayar da shayin na'ana'a da wata wainar fulawa ta 'yan Maroko.

Abin da Beljiyam ke tinƙaho da shi soyayyen dankalin Turawa ne, ana sayar da shi a ƙananan shaguna masu suna frituur. Yana da arha, yana kuma riƙe ciki. Amma ki tambaya da me aka soya, don bisa al'ada da kitsen shanu suke yi, ba kuma yankanmu ba ne; wasu ne ke amfani da man girki. Farfesun naman da ake zubawa a kai, stoofvlees, da giya ake dafa shi, ki bar musu kayansu. Haka in za ki sayi tsarabar cakulan mai siffar hannun nan na tatsuniya, ki sa a duba miki kwalin, wasu da barasa a ciki. Na biskit ya fi kwanciyar hankali, yara ma sun fi samun na rabawa.

Sauran ƙanana ne. Kuɗin hidima yana cikin lissafin abinci, ba dole ne ki ƙara tukwici ba. Direban bas ko na taragon cikin gari ba ya karɓar tsabar kuɗi, sai da kati ko tikitin da aka yanka tun kafin a hau. Bayan gida a tasha biya ake yi, kuma ba buta, saboda haka 'yan sulalla da ƙaramar gora kada su bar jakarki.

'Yar uwa mai wasiƙa, Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya. In kin dawo ki rubuto mana nawa kuka kashe. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.