Gajartar Jinin Al'ada: Me Ke Kawo Ta?

Mata da yawa sukan ruga asibiti idan jinin al'ada ya yi musu yawa, amma idan ya ragu, ya zo kwana ɗaya ya ɗauke, sai su yi shiru, wasu ma har su ɗauka sauƙi ne ya zo. Sau da yawa kuwa sauƙin ne. Sai dai akwai lokutan da wannan ɗan jinin yakan zama alamar wani abu babba.

A wurin yawancin mata al'ada takan ɗauki kwana 2 zuwa 7. Malaman Malikiyya ba su sa wa haila mafi ƙarancin kwanaki ba a sha'anin ibada, ko zuba ɗaya ta yi haila ce. Su ma likitoci ba ƙidayar kwanaki ce ta fi damunsu ba. Abin da suke tambaya shi ne, da can kwana nawa take yi? Wadda tun tana budurwa kwana 2 take yi, kuma lafiyarta lau, haka Allah Ya yi ta. Amma wadda ta saba kwana 6, sai ga shi ya koma ɗaya, to akwai dalili.

Wasu dalilan ba abin tsoro ba ne. Ƙwayoyin tazarar haihuwa, da allurar wata uku, da ashanar da ake sawa a damtse, duk suna sa shimfiɗar cikin mahaifa ta yi siriri, jinin ya ragu ko ya ɗauke. Haka yake ga mai shayarwa, da yarinyar da ta fara al'ada kwanan nan, da macen da ta doshi shekarun dainawa, wato tsakanin 45 da 55. Rama mai tsanani, da damuwa, da ciwon maƙoƙo su ma sukan taɓa shi.

Abin da ya kamata matar aure ta fara tunani shi ne ciki. Kwana 10 zuwa 14 bayan shigarsa, wasu sukan ga ɗan ɗigon jini, ya faɗo daidai lokacin da ake jiran al'ada, sai a ɗauka ita ce. Mafi haɗari shi ne cikin da ya zauna a bututun ƙwai maimakon mahaifa, wanda kan faru a ciki 1 ko 2 cikin 100. Shi ma yakan zo da ɗan jini mai duhu, matar ta yi wanka ta ci gaba da harkokinta, alhali bututun na kumbura. Ran da ya fashe, jini ya malale a cikin ciki inda ido ba ya gani. Saboda haka ɗan jini tare da ciwo a gefe ɗaya na mara, ko jiri, ko suma, ba abin a jira gari ya waye ba ne.

Sai kuma tabon mahaifa, wanda Likita Joseph Asherman ya yi bayaninsa a 1948. Idan aka yi wa mace wankin ciki bayan ɓari ko haihuwa, aka kankare fiye da kima, bangon mahaifa yakan manne da juna yayin warkewa. Wurin da zai zubar da jini ya ragu ke nan. Matar takan ce tun da aka yi mata wankin nan al'adarta ba ta koma daidai ba, wani lokaci marar ta yi ta ciwo jini bai fito ba, ciki kuma ya ƙi shiga. Abin takaici, irin wannan ce ake cewa an yi mata sammu, ta ƙare kuɗinta a saiwoyi, alhali a manyan asibitoci ana shigar da na'ura mai ido a raba tabon. Tarin fuka ma, idan ya sauka mahaifa, yana barin irin wannan tabo, ko da matar ba ta taɓa tari ba.

Akwai kuma wadda ta zubar da jini mai yawa wajen haihuwa, abin ya lalata wata 'yar halitta mai girman ƙwayar wake a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, wadda ke ba da umarnin al'ada. Likita Harold Sheehan na Ingila ya bayyana wannan a 1937. Alamarsa ta farko ita ce ruwan nono ya ƙi zuwa, sai kasala ta biyo baya.

Mai zuwa ganin likita ta tafi da ranakun al'adarta na watanni 3 da suka wuce, da sunan maganin da take sha, ta kuma faɗi ko an taɓa yi mata wankin ciki. Galibi da gwajin fitsari ake farawa, sannan hoton ciki.