Kilomita 21: Shirin Mai Gudun Farko

 Shirinmu na yau na wanda ya ɗaura niyyar shiga gudun fanfalaki ne a karon farko, wato rabin zango, kilomita 21 da mita 97. In a filin wasa za ka yi shi, sai ka kewaya hanyar tsere kusan sau 53. Ku ji fa, sau 53.

Amma ku biyo ni Landan tukuna, ran 24 ga Yuli, 1908, gasar Olamfik. A ranar an yi zafi. Masu gudu suka taso daga fadar Windsor zuwa filin White City, kilomita 42 da mita 195, nisan da daga baya ya zama ma'aunin cikakken zango a duniya. Wanda ya fara shigowa fili wani ɗan Italiya ne, ɗan ƙaramin mutum mai sana'ar kayan zaƙi, Dorando Pietri. Ya shigo a jigace, bai san gabas ba bai san yamma ba, har ya juya ta inda ba nan ba ne, sai da alƙalai suka nuna masa hanya. Ya faɗi, aka tashe shi. Ya sake faɗuwa, aka sake tashe shi. Sau biyar, jama'a! Abin da ya rage masa bai kai kewaye ɗaya ba, amma ya ci masa kusan minti goma. A rirriƙe ya tsallake layi. Amurkawa suka kai ƙara, aka ƙwace nasarar aka ba ɗan ƙasarsu Johnny Hayes. Tausayi ya kama Sarauniya Alexandra, ta ba Pietri kofi na musamman.

Abin da ya tsaya mini a labarin nan shi ne, Pietri ba baƙon gudu ba ne, gwani ne. Ya matsa wa jikinsa ne a rabi na biyu don ya kamo na gaba, ga zafi ga ƙishirwa, jiki kuma ya ce ya isa. To in gwani ya kife haka, ina ga ni da kai da muka saba hawa babur zuwa kanti a bayan layi?

Saboda haka ga maganar yau, kuma zan maimaita ta: yi gudu a hankali. Masu horarwa suna da gwaji mai sauƙi. In kana gudu kana iya hira da na kusa da kai, kana daidai. In kana haki, magana ba ta fita, ka wuce gona da iri. 'Yan Kenya da ke atisaye a Iten, gari mai tsayin kusan mita 2,400, mafi yawan gudunsu na mako ba na ƙure ƙarfi ba ne. Zuciya da huhu suna sabawa da wuri, amma jijiyoyi da ƙashin ƙwauri sai a hankali, shi ya sa mai gaggawa yakan ƙare da ciwon gwiwa tun bai ga ranar gasa ba. Sannu ba ta hana zuwa.

Tsarin kuwa a gurguje. Ka ba kanka mako 12 zuwa 16. Fita uku ko huɗu a mako, da hutu a tsakani. Ɗaya daga ciki ita ce doguwar fita: ka fara da kilomita biyar, kana ƙara kaɗan-kaɗan, har ka kai 16 ko 18. In ka gaji ka taka da ƙafa, ba abin kunya ba ne. Mako biyun ƙarshe kuma a rage, a bar jiki ya murmure.

Mu nan zafinmu ya fi na Landan nesa ba kusa ba. Bayan sallar asuba ne lokacinka, musamman a bazara. Lokacin hunturu akwai sanyin safiya mai daɗin gudu, sai dai ƙura, mai asma ya kula. Ka sha ruwa daidai ƙishirwarka, in doguwar fita ce ka haɗa da ruwan gishiri da sukari. In da azumi, ka mayar da gudun bayan an sha ruwa.

Takalmi fa? Abebe Bikila na Habasha ya ci gudun fanfalaki na gasar Olamfik ta Rum a 1960 ba takalmi, amma shi tun yana yaro ƙafarsa ta saba. Kai dai ka sa wanda ka riga ka yi atisaye da shi, ko ɗan gwanjo ne. Sabo fil ranar gasa, kanta ce da kumburi.

Ana min alama lokaci ya ƙure. Mai hawan jini, ciwon suga ko ciwon zuciya ya ga likita kafin ya fara. Filin gwaji kuma akwai: Kaduna ta yi nata gudun kilomita 21 a Nuwamban 2020, Legas kuma tun 2016 take shirya babbar gasa da ke haɗa da gudun kilomita 10, wanda ya dace da mai farawa. Ranar gasa in kowa ya zabura, kai ka bar su su tafi, za ka tarar da da yawansu a kilomita na 15.

Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. A huta lafiya.