Ƙararrawar Tsaro a Lokacin Gyaran Gida

Ƙararrawar da ta saba kuka ba dalili, ranar da za ta yi na gaskiya ba mai leƙowa. A Ingila, gidan da ƙararrawarsa ta kira 'yan sanda a banza sau 3 cikin wata 12, sukan janye masa alƙawarin zuwa da gaggawa. Birnin Salt Lake City na Amurka kuwa tun shekarar 2000 ya ce sai wani ya tabbatar an fasa gida kafin ɗan sanda ya taso. Lokacin gyaran gida, sa'ad da magina da kafintoci ke shige da fice, irin wannan kuka ya fi yawa.

Na'urar ba ta da laifi, abin da aka gina ta a kai take yi. Mai gano hayaƙi tana da ɗan haske a cikinta, in hayaƙi ya shiga ya warwatsa hasken sai ta yi ƙara, kuma ba ta bambance hayaƙi da ƙurar siminti ko ta katako. Mai gano motsi zafin jiki take bi, don haka lebura da ɓarawo duk ɗaya ne a wurinta. Ta bakin ƙofa maganaɗisu ne da ɗan makunni, da an cire ƙofar don a yi mata fenti sai ta ɗauka an ɓalle ta. Mai sauraron fashewar gilashi kan ruɗe da ƙarar guduma. In mai gyaran wuta ya yanke lantarki batir ya ƙare, wannan ma wata fitinar ce.

Maganin shi ne a raba gidan kashi-kashi tun kafin a kafa tsani. A sanar da kamfanin da ke sa ido ranakun aikin, a kashe na'urorin ɓangaren da ake gyara kawai, a rufe masu gano hayaƙi da murfinsu da safe, a buɗe su da yamma in ma'aikata sun tashi. A ba shugaban magina lambar sirri ta wucin gadi, a soke ta ranar sallama.

Wani zai ce me zai hana a kashe komai a huta har a gama? Wannan gudun gara ne a faɗa wa zago. A lokacin gyara ne ake walda kusa da fenti da katako, ƙofofi a buɗe, baƙi sun san lungun gidan. Fadar Windsor ta kama da wuta a 1992 ana cikin gyara, haka majami'ar Notre-Dame ta Paris a 2019. A Notre-Dame ƙararrawa ta yi aikinta, amma mai gadi ya nufi wurin da ba shi ba, aka yi asarar kusan minti 30. Saboda haka kowace na'ura a rubuta ɗakinta a jikin allon ƙararrawar, in an gama aiki a share mata ƙura, a gwada ta kafin a biya magina cikon kuɗinsu.